Gawar da Teku Ba Ta Kawo Ba

Masu jan taru ne suka tsinci gawar Latevi da hantsin wata Alhamis, a bakin teku, gabas da kufan tsohon garin Garan-Popo. Mutum wajen sittin ne a kan igiya suna ja da baya-baya, har da Turawa huɗu da suka fito daga masauki don a ɗauke su hoto suna ja, sai matar da ke can wutsiyar layi ta taka ƙafar mutum. Yana kife, kansa ta wajen tudu, kumfar ruwa na lasar dugadugansa. Waƙar ja ta mutu a bakin mutane. Aka saki igiya, kifin da ke cikin taru ya kama gabansa.

Ba wanda ya taɓa gawar. A garinmu ba a taɓa wanda ruwa ya ajiye sai Togbe Amusu ya zo ya gani. In ya ce na teku ne, nan inda ya fito za a haƙa rami a binne shi kafin rana ta faɗi, ba wanka, ba kiɗa, ba mai sake tambaya. In ya ce ba na teku ba ne, to magana ta koma hannun hukuma.

Togbe Amusu ya haura saba'in. Ko sunansa aka rubuta a bango zai wuce bai gane ba, amma kaf gaɓar nan, daga iyakar Togo har Wida, babu likitan da ya kai shi sanin gawar ruwa, kuma shi da kansa zai faɗa maka haka tun ba ka tambaya ba. Sau uku jirgi na kifewa da shi. A na ƙarshen kwana biyu ya yi rungume da jarka a tsakiyar ruwa, mutum tara suka tafi, shi ya dawo ya ce a ba shi tuwon masara da barkono. Gawa arba'in da ɗaya ya ciro da hannunsa. Teku ta cinye gidan da aka haife shi, ta cinye wanda ya gina da kansa, shi kuwa ta tauna shi ta tofar.

Ya taho yana dogara filafilin tuƙi. A gindin wata kwakwa ya tarar da ƙanensa Anani, mai ba masu taru waƙa, zaune da tsumma naɗe a hannu.

"Shi ya sa na jiyo waƙar yau kamar ta agwagi. Me ya ci hannun?"

"Ƙugiya ce, Yaya."

"Shekara sittin kana soke kifi, yau kifi ya rama."

Anani bai yi dariya ba. Togbe ya wuce, ya durƙusa, ya birkito gawar.

Latevi ba baƙon kowa ba ne. Shi ke kai baƙi yawo. Ya ɗauke su a kwalekwale ya kutsa da su kurmin cikin ruwa, ya kai su ƙauyen mata masu dafa gishiri, ya nuna musu inda kogin Mono ke zuba a teku da inda kunkuru ke binne ƙwai. Bakinsa zaƙi, Faransanci kamar a can aka haife shi. Jiya da la'asar an gan shi da rai. Matarsa ta ce bai kwana gida ba.

Togbe ya danna ƙirjin gawar, bai ga kumfa a hanci ba. Ya zura hannu a aljihun wando, ya juyo shi waje. Ya leƙa kunne. Ya shafa ƙeya, ya daɗe yana murza abin da ya biyo yatsunsa. Yana cikin haka Sufeto Dansu ya iso a kan babur, matashi ne daga Abomey, wata takwas ke nan da kawo shi garin, har yanzu takalmi yake sawa a kan rairayi.

Sufeto ya ce yana jin dai nutsewa ce, a yi abin da aka saba ya koma ofis. Togbe ya miƙe, ya ɗaga murya yadda har Turawan za su ji, don shi ba ya son iliminsa ya tafi a raɗa.

"Ɗana, teku ba ta mayar da mutum washegari. Sai ta riƙe shi kwana uku, ta kumbura shi, ta cusa masa yashi har ƙasan harshe. Ga aljihunsa, ko ƙwayar yashi babu. Ga kiyashi a kunnensa. Ka taɓa ganin kiyashi a teku? A tudu ya kwana. Ƙaguwa ba ta taɓa idonsa ba, ke nan da asubar nan aka kawo shi. Wannan jan garin da ke ƙeyarsa kuwa tubali ne. Hannun mutum ne ya ci Latevi. Ni Amusu na faɗa."

Da ya gama sai ya kewaye igiyar tarun da ke yashe a ƙasa, ya bi ta nesa, ya je ya wanke hannu.

Kafin ya dawo, sunan Sosu ya riga ya zagaye taron. Sosu ma mai kai baƙi yawo ne, kuma shekaranjiya a mashaya ya ɗaga wa Latevi filafili a gaban jama'a, ya ce ya gaji da janye masa baƙi da yake yi, sai ya ga bayansa. Sufeto bai tsaya dogon tunani ba. Ya sa masa ankwa a nan bakin ruwa, matar Sosu mai tsohon ciki na bin babur da gudu.

Azahar ba ta yi ba, dangin Latevi suka cika ƙofar ofishin 'yan sanda, wasu da adduna, wasu da jarkar fetur. Togbe ya ratsa su ya shiga. Sufeto ya ce masa ya kira babban ofishinsu da ke garin Kome, za a turo mota da la'asar a tafi da Sosu kurkuku, in ƙofar ofishin ta jure har la'asar ɗin. 'Yan sanda uku gare shi, bindiga ɗaya.

Togbe ya dubi Sosu a tsugune a lungu, leɓensa a fashe, haƙori ɗaya ya fita. Da ya ce na teku ne, da yanzu mutumin nan yana gida yana cin abinci. Bakinsa ne ya kawo shi nan. Ya ce a ba shi kujera.

"Sosu, ina kake jiya da la'asar?"

"Ƙauyen gishiri, Togbe. Na kai baƙi. Sai da rana ta faɗi na dawo."

"Daga nan?"

"Gida."

"Wa ya gan ka?"

"Matata."

Sufeto ya ce shaidar mata ba ta wanke miji. Togbe bai kula shi ba.

"Yau da safe ka kama igiyar taru?"

"Na kama. Ni na kawo Turawan, ina gabansu a layi."

"Miƙo hannu."

Tafukansa jajur, igiya ta kwanta a cikinsu. Togbe ya tashi ya ce wannan ba shi ba ne. Sufeto ya tambaye shi dalili, ya ce zai kawo masa dalilin da mai dalilin gaba ɗaya kafin mota ta zo, shi dai ya riƙe ƙofa. Sufeto ya ce tsofaffin garin nan sai cika baki. Togbe ya ce cika bakin ne ya hana kifi cin naman jikinsa da Sufeto ke gani.

Daga nan masaukin Madam Povi ya nufa, don an ce ita ma jiya an ji tana zazzaga wa Latevi faɗa. Bazawara ce mai jiki, ta yi shekara ashirin tana sayar da atamfa a Lome kafin ta gina ɗakunan ciyawa goma a bakin ruwa. Ya same ta tana yi wa kuku faɗa kan kifin da ba a samu ba. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ƙwarai ta kore shi jiya da rana, ta ce kada ya sake taka mata ƙofa. Daga nan ta tafi kasuwar Kome da direbanta da mata biyu, sai bayan magariba suka dawo, duk wanda ke so ya je ya tambaye su. Togbe ya dubi damatsanta da guiwoyinta masu kumburi, ya san ko buhun gari ba za ta kai bakin ruwa ba, balle namiji.

"Me ya yi miki, 'yata?"

"Ni bai yi mini komai ba, Togbe. Ƙazanta ya fara. Kunkuru da gishiri sun daina isarsa."

Ta ce wata biyu ke nan ya ƙirƙiro sabon wurin kai baƙi, wai garin da teku ta cinye. Ya kai su kufai, su leƙa ɗakunan da suka rage, su ga inda ruwa ke ɓare maƙabarta. Wata Baturiya ce ta dawo tana amai, ita ta nuna mata hoto. Ta aika aka karɓo wayar. Ta miƙa masa, ya riƙe ta nesa da fuska yana ƙanƙance ido.

Katangar jan tubali ce. A kanta ƙoƙon kan mutum, an sa masa baƙin tabarau, an soka masa sigari a tsakanin haƙora. Latevi na gefe ya dafa shi yana dariya, Turawa biyu sun sa shi a tsakiya.

Togbe ya ce a ƙara girman hoton. Ta ƙara. Haƙoran sama biyu an feƙe su an fitar da wushirya irin ta matan da. A goshi, sama da idon hagu, akwai loɓa kamar an danna da babban yatsa. Yana da shekara tara ranar da kwalekwale ya kuɓuce ya bugi mahaifiyarsu a nan wurin, shi ya riƙe ƙwaryar da aka tari jinin.

Madam Povi ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce ta ba shi ruwa. Tun da ta san shi, ran nan ne kaɗai ya bar gidanta bai ba ta labarin jarka ba.

Ya bi ta kufai. Rabin maƙabartar ya riga ya zube cikin ruwa, kabarin mahaifiyarsu na bakin gaɓa, gefensa a buɗe. Shekara huɗu rabonsa da wurin, don guiwa ba ta barinsa hawa tudun. Anani ne ke zuwa duk shekara ya share ciyawa, ya zuba mata ruwa da giya. A wani ɗaki marar rufi ya ga inda aka kwantar da mutum, kiyashi har yanzu na layi a kan baƙin tabo. Ga rabin tubali a gefe. Ga tabarau a tattake. Kan nan kuwa babu shi a kan katanga. Daga ƙofar ɗakin sawu ɗaya ya gangara gabas, ba takalmi, ya nutse sosai a yashi kamar na mai ɗauke da kaya.

Ya tarar da Anani a gida, a bayan ɗaki, zaune kan kifaffen kwalekwale. An ajiye masa abinci, ƙuda na kai. Togbe ya zauna kusa da shi.

"Kwance tsumman nan in ga aikin ƙugiya."

Anani bai motsa ba. Togbe ya kamo hannun ya warware da kansa. Babu ko ƙwarzane.

"Ina Inna?"

"Tana ɗaki. Na naɗe ta da farin ƙyalle."

"Faɗa mini."

Anani ya ce jiya da yamma ya je duba gaɓar, don ya ji an ce ruwa ya sake ci. Ya tarar baƙi sun tafi, Latevi na cire sigarin yana mayar da kan cikin wani rami a bango, inda yake ajiye shi. Anani ya ce masa uwarsa ce, ya ba shi ita. Latevi ya yi dariya, ya ce ai ƙashi ba shi da suna, kuma tsohuwar ta fi aiki yanzu fiye da lokacin da take da rai, ya bar masa ita har ƙarshen lokacin baƙi. Ya juya baya ya ci gaba da tura ta a ramin. Tubalin na ƙasa kusa da ƙafa.

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya, Yaya."

"Sai ka kai shi bakin ruwa don ni in ce na teku ne."

"Na ɗauka idonka ya tsufa."

"Idona ya fi ka ƙuruciya." Togbe ya ƙara da cewa, "Da ni na tarar da shi, da ba sau ɗaya zan buga ba. Amma Sosu na can an cire masa haƙori, matarsa na kwance a ƙofar ofis da ciki wata tara, ga masu fetur a kanta. Tashi."

Anani ya ce ya bar shi ya binne Inna tukuna, a tudu, inda ruwa ba zai kai ba. Togbe ya dubi rana, ya ga ta karkata. Ya ce ya ɗauko Inna, za su roƙi Sufeto.

Motar Kome na tsaye lokacin da suka iso. An fara jifan ƙofa. Togbe ya shiga gaba da filafilinsa, Anani na baya rungume da ƙunshi, kuma ko a cikin fushin nan ba wanda ya tare tsohon. Ya rufe ƙofa, ya ce wa Sufeto ga mai dalili, yanzu ya saurari dalili.

Ya ce tun da safe ya san wanda ya yi kisan ɗan gari ne, kuma mutumin teku. An ajiye gawar gabas da kufai, inda ruwa ke kai duk abin da ya ɗauka, an kife ta kai ta wajen tudu, daidai yadda teku ke mayar da mutum. Baƙo bai san wannan ba, Madam Povi ba ta sani ba, kuma ba za ta iya ɗauka ba. Sosu mutumin kogi ne, da shi ne da cikin kurmi zai jefa, ƙaguwa ta gama aikin.

"Wannan duk tsammani ne, Togbe."

"To ga wanda ba tsammani ba. A garin nan duk wanda ya taɓa gawa ba ya kama igiyar taru sai an wanke shi da ganye a kwana na uku. In ya kama, ya ƙona tarun gari gaba ɗaya, gida sittin su kwana da yunwa. Ka ga ni da kaina na kewaye igiyar ɗazu. Ɗan garin nan zai iya yi maka ƙarya, zai iya yi wa alƙali, amma ba zai kai hannun gawa kan igiya ba. Sosu ya ja har tafinsa ya yi ja. Sai na tambayi kaina, wa bai kama ba yau? Mutum ɗaya ne, wanda shekara talatin bai taɓa fashi ba, har ranar da matarsa ta haihu. Da ya kama igiyar nan ya yi waƙarsa, da ni kaina ban gano shi ba."

Sufeto ya dubi Anani. Anani ya ce haka ne, ya faɗi inda tubalin yake. Sufeto ya rubuta, ya sa ya dangwala yatsa. Ya kwance ankwa daga hannun Sosu ya mayar hannun Anani. Sosu ya fita ta ƙofar baya yana dafa bango, ya wuce ta gaban Togbe bai dube shi ba.

Sufeto ya fita ya yi wa taron bayani. Da suka ji abin da Latevi ya yi da kan tsohuwa, masu fetur suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don kowa yana da nasa kwance a maƙabartar nan. Uwar Latevi kaɗai ta rage a zaune a ƙasa tana kiran sunan ɗanta.

Togbe ya ɗauki ƙunshin daga kan tebur, ya ce zai je ya binne uwarsu kafin duhu. Sufeto ya ɗora hannu a kai.

"Ba zai yiwu ba, Togbe. Shaida ce. Sai an kai ta gaban alƙali."

"Uwata ce, ɗana."

"Na sani. In babu ita, alƙali zai ce kisan banza ne, ƙanenka ya mutu a kurkuku. In ya gan ta da idonsa, wataƙila ya sassauta."

"Su wa za su gan ta?"

"Duk wanda ya shiga kotu."

Togbe ya dubi Anani. Anani ya girgiza kai, ya ce a binne ta, shi ya yarda ya ruɓe a can. Togbe ya tsaya da ƙunshin a ƙirji. Shi ne babba, maganar tasa ce. Ya sa baki ya faɗa wa ƙyallen wani abu da ba wanda ya ji, sannan ya miƙa wa Sufeto.

Wani ɗan sanda ya kawo kwalin sabulu, ya saka ta a ciki, ya rubuta lamba a jiki da baƙin alƙalami. Aka shigar da Anani bayan mota. Ɗan sandan zai tura kwalin ƙarƙashin benci wajen takalma, Togbe ya riƙe ƙofar motar.

"A cinyarsa za ka ɗora ta. Ba ta son hanya mai gargada."

Aka ɗora kwalin a cinyar Anani, ya dafe shi da hannuwansa masu ankwa. Motar ta tashi.